Daga Dokin Berger Zuwa Kyanwoyin Sterman: Tarihin Horar Da Ƙwaƙwalwa Don Maganin Mantuwa

 

Duk cikinmu babu wanda mantuwa ba ta taɓa kunyatawa ba. Mukan kwana a kan littafi, gari ya waye mu ji kamar mun haɗiye shi, amma bayan mako biyu a tambaye mu sunan garin da labarin ya faru sai mu hau sosa ƙeya. Waɗanda muka zauna a ajin difloma mun san yadda ake ɗura takardun lacca a daren jarrabawa, a juye su da safe, a fito daga zaure da kai fayau kamar ba a taɓa karatu ba. Shi ya sa mai tallan ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa ba ya rasa kasuwa, tun daga mai garin magani a ƙulle cikin leda har zuwa ɗan zamani da ke tallan wani madauri a intanet. Shi madaurin a goshi ake ɗaura shi, a haɗa shi da waya, a ce zai horar da igiyoyin ƙwaƙwalwa har abin da mutum ya karanta ya zauna daram.

Masana na kiran wannan horo niyurofidbak. Mu a nan za mu riƙa ce masa horon igiyar ƙwaƙwalwa. Tushensa ya kai shekara 100, kuma a cikin tarihinsa za mu nemi amsar tambayar da ta shafi aljihunmu: shin da gaske yana sa abu ya daɗe a ka, ko kuɗinmu kawai zai ci?

YADDA ABIN YAKE

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma da 'yar wutar lantarki suke aika wa juna saƙo. Wutar ƙwaya ɗaya ba ta isa a ji ta daga waje ba. Misalinsu kamar mata ne suna daka a cikin gida: in kowace tana nata, wanda ke bayan katanga hayaniya kawai zai ji, amma da zarar sun haɗa lugude zai iya ƙirga bugun. To haka ƙwayoyin suke. In dubbansu suka kaɗa tare, 'yan fayafayan ƙarfe da aka manna a fatar kai sukan ɗauko amon, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ta zana shi a matsayin layi mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Wannan na'ura ita ce likitoci ke taƙaita sunanta da EEG, irin wadda ake gwada masu farfaɗiya da ita a manyan asibitocin koyarwa.

Horon kuwa ba wuta ake sa wa mutum ba. Saurare kawai na'urar take yi. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta fitar da irin igiyar da ake so, sai a yi wa mutum tukwici: wani sauti mai daɗi ya tashi, ko wata alama ta motsa a allon kwamfuta. In igiyar ta ɓace, tukwicin ya ɗauke. Da yawan maimaici, ana sa ran ƙwaƙwalwar za ta gane hanyar da take bi ta samu tukwicin.

DOKIN BERGER

Tun a 1875 wani likita a Liverpool mai suna Richard Caton ya ɗora wayoyi a kan ƙwaƙwalwar zomaye da birai, ya ga ma'aunin wutarsa yana motsi. Aka ji, aka kusa mantawa. Wanda ya kai abin ga ɗan Adam shi ne Bajamushe Hans Berger, kuma faɗuwa daga doki ce ta sa shi a hanya.

A farkon shekarun 1890 Berger yana saurayi yana aikin soja. Wata safiya ana atisaye dokinsa ya yi tutsu, ya kayar da shi a gaban igwar da dawakai ke ja, saura ƙiris ta take shi aka tsayar da ita. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, a yammacin ranar sai ga tangaraho daga mahaifinsa yana tambayar lafiyarsa, domin yayarsa da ke can gida ta wuni da faɗuwar gaba, ta matsa sai an tambaya. Berger ya ɗauka tsoron da ya ji ne ya yi tafiya daga ƙwaƙwalwarsa zuwa tata. Ya ajiye niyyarsa ta karatun taurari, ya koma likitanci, ya shiga neman ƙarfin da ke ɗaukar tunani daga kai zuwa kai.

Wancan bai same shi ba. Amma a ranar 6 ga Yuli, 1924, a garin Jena, ya ɗauko wutar ƙwaƙwalwar wani yaro ɗan shekara 17 da aka yi wa aikin kai. Saboda tsoron kada ya zama kuskure ne, sai da ya shekara 5 yana sake gwadawa, har a kan ɗansa, kafin ya wallafa a 1929. Ya nuna cewa in mutum ya rufe ido ya natsu, wata igiya mai kaɗawa kusan sau 10 a sakan ɗaya takan bayyana, in ya buɗe ido ko aka ba shi lissafi sai ta ɓace. Ya sa mata suna alfa, mai saurin da ke maye gurbinta kuma ya kira ta beta. 'Yan uwansa likitoci ba su yarda ba, sai a 1934 da Edgar Adrian na jami'ar Kambirij, wanda ya riga ya ci kyautar Nobel, shi da Bryan Matthews suka sake gwajin suka tabbatar.

Daga baya Grey Walter a Ingila ya sa wa wasu biyu suna. Ga jerin yadda ake raba su a yau, domin za mu buƙace shi a gaba: delta, ƙasa da kaɗawa 4 a sakan, ta barci mai nauyi, tita, 4 zuwa 8, ta gyangyaɗi da kuma zurfin mai da hankali, alfa, 8 zuwa 12, beta, 13 zuwa 30.

ƘARARRAWAR KAMIYA

Shekara 30 aka yi ana karanta waɗannan igiyoyi kamar yadda ake karanta zafin jiki, babu mai tunanin mai su zai iya juya su. A ƙarshen shekarun 1950 Joe Kamiya na jami'ar Shikago ya kwantar da wani ɗalibi a ɗaki mai duhu da wayoyi a kansa. Lokaci zuwa lokaci sai ya kaɗa ƙararrawa, ɗalibin ya ce "A" in yana ganin yana cikin alfa, ya ce "B" in ba ya ciki, shi kuma Kamiya ya gaya masa ya dace ko bai dace ba. Ranar farko canki-canki ne, rabi daidai rabi kuskure. Bisa rahoton Kamiya, zuwa rana ta huɗu ɗalibin ya daina kuskure. Sauran da aka gwada ba duka suka kai shi ba, amma ƙofa ta buɗe. Mataki na gaba, Kamiya ya haɗa na'urar da wani sauti da ke tashi in alfa ta zo, ya ce mutane su yi ƙoƙarin riƙe sautin, wasu kuma suka iya.

KYANWOYIN STERMAN

A daidai wannan zamani, a Kaliforniya, Barry Sterman yana binciken barci a kan kyanwoyi. Ya lura cewa in kyanwa ta tsaya cik tana jira, idonta biyu amma ko wutsiya ba ta kaɗawa, wata igiya mai kaɗawa 12 zuwa 15 takan fito a sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da motsin gaɓɓai. Masana na taƙaita sunanta da SMR; mu ce mata igiyar natsuwar gaɓɓai. Sterman ya shirya na'ura ta riƙa zuba wa kyanwa madara da romo duk lokacin da igiyar ta fito. Kyanwoyin suka koya. Wannan ya fi na Kamiya ƙarfin hujja, don kyanwa ba ta san abin da malamin ke fata ba balle ta faranta masa.

Sai kuma katari. Gwamnatin Amurka ta ba shi aikin binciken gubar wani man roka da ke jefa mutum cikin farfaɗiya. Ya yi wa kyanwoyi 50 allurar gubar. Yawancinsu suka faɗi cikin kusan awa ɗaya, amma wasu suka daɗe ba su faɗi ba, wasu ma ba su faɗi ba sam. Da ya duba takardunsa sai ya ga waɗannan su ne waɗanda ya horar a gwajin baya. A 1972 shi da abokiyar aikinsa suka wallafa labarin wata matashiya mai farfaɗiya da faɗuwarta ta ragu sosai bayan irin wannan horo. A 1976 Joel Lubar na jami'ar Tennessee ya fara gwada shi a kan yara masu ƙiriniya da rashin mai da hankali.

Akwai wani bincike na Sterman da ya kamata mu riƙe. A 1970 ya nuna cewa kyanwoyin da aka horar da rana, in sun yi barci sukan fi fitar da wata alama da ake gani a takardar EEG. Alamar siririya ce a farko, ta kumbura a tsakiya, ta sake sirancewa, tamkar mazari da zare a jikinsa, kuma sunan da Turawa suka ba ta ke nan, mazarin barci. Za mu dawo kansa.

ZAZZAƁIN ALFA

A 1968 Kamiya ya rubuta labarin aikinsa a mujallar Psychology Today, wadda jama'a ke saye a titi. Ya faɗo a kan gaɓa. Matasan Amurka na lokacin suna neman natsuwar zuciya ta kowace hanya, ga kuma wani bincike daga Japan a 1966 da ya nuna 'yan addinin Buda masu dogon zaman tunani suna fitar da alfa ko da idonsu a buɗe. Nan da nan aka haɗa biyu da biyu: alfa ita ce natsuwa, ga na'urar da za ta ba ka cikin mako guda abin da wani ya shekara 20 yana nema. A 1969 aka kafa ƙungiyar masu wannan bincike a Santa Monica. Kamfanoni suka cika kasuwa da akwatunan alfa masu arha, ana yi musu kirari da maganin damuwa, ƙarin basira da kaifin tunawa.

Masu bincike suka bi sawu. A 1973 David Paskewitz da Martin Orne suka nuna cewa a ɗaki mai duhu horon ba ya kai mutum sama da alfar da zai samu in ya rufe ido kawai ya huta. A shekarar da ta biyo suka gaya wa mutane za a iya ɗana musu wutar lantarki. Zuciyarsu ta riƙa bugawa, gumi ya karyo, amma alfa ba ta ragu ba, ke nan alfa da natsuwa ba abu ɗaya ba ne. William Plotkin kuma ya nuna cewa daɗin da mutane ke cewa sun ji ya fi bin abin da aka gaya musu za su ji tun kafin a fara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kasuwar ta faɗi, ta kuma ja wa fagen baki ɗaya baƙin jini a jami'o'i har na kusan shekara 20.

TA INA TUNAWA TA SHIGO?

Binciken tunawa da mantuwa yana da nasa tarihin, wanda ya girmi EEG. A 1885 Hermann Ebbinghaus, shi ma Bajamushe, ya wallafa sakamakon shekarun da ya yi yana haddace gaɓoɓin kalma marasa ma'ana yana gwada kansa. Ya gano cewa mafi yawan asara cikin awannin farko take faruwa, sannan ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka raba cikin kwana 3 ya yi aikin da maimaici 68 ya yi a zama ɗaya. A 1924, shekarar da Berger ya yi nasara, John Jenkins da Karl Dallenbach na jami'ar Cornell suka gwada ɗalibai biyu, suka ga abin da aka koya aka yi barci a kansa ya fi zama a kan wanda aka koya aka ci gaba da harkokin rana.

Sai labarin Henry Molaison, wanda duniya ta sani da H.M. har ya rasu a 2008. A 1953, yana ɗan shekara 27, likita ya cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa ta ɓangarorin biyu don rage masa farfaɗiya, ciki har da mafi yawan wata gaɓa da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta ragu, amma daga ranar sabon abu ya daina zama a kansa. Zai iya riƙe lamba muddin yana nanata ta, da an ɗauke masa hankali ta tafi. Brenda Milner ta shekara da shekaru tana zuwa wurinsa, kullum sai ta gabatar da kanta. Abin mamaki, da ta koya masa zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, kullum hannun ƙara ƙwarewa yake, alhali shi bai tuna ya taɓa yi ba.

Daga nan aka fahimci cewa tunawa iri-iri ce. Akwai riƙon ɗan lokaci, irin na lambar waya kafin a danna. Akwai dogon riƙo na bayanai da abubuwan da suka faru. Akwai kuma riƙon hannu, irin na tuƙa keke. Tsakanin koyo da dogon riƙo akwai wani aiki da ƙwaƙwalwa ke yi a ɓoye, wanda mu muke cewa karatu ya zauna, kuma babban rabonsa a cikin barci ake yinsa.

A shekarun 1990 Wolfgang Klimesch na jami'ar Salzburg a Ostiriya ya tara hujjojin cewa igiyar tita takan ƙaru lokacin da mutum ke shigar da sabon abu a ka. A 2002 masu bincike a Lübeck ta Jamus suka nuna cewa mazarin barci yakan yawaita a daren da mutum ya yi haddar kalmomi. Mazarin kuwa kaɗawarsa kusan 12 zuwa 15 ce, daidai da igiyar kyanwoyin Sterman. Sai lissafin ya fito da kansa: a horar da igiyar natsuwar gaɓɓai da rana, mazari ya yawaita da dare, karatu ya zauna. A takarda babu inda ya karkace.

GWAJI

A 2003 David Vernon da John Gruzelier da abokan aikinsu a kwalejin Imperial ta Landan suka yi wa ɗaliban likitanci zama 8 na horon. Waɗanda aka horar da igiyar natsuwar gaɓɓai sun ƙaru da kusan maki 10 cikin 100 wajen tuna jerin kalmomi. Jaridu suka ɗauka da zafi. Sai dai kalmomin ana nuna su ne a tambaya nan take, wato riƙon ɗan lokaci aka auna, kuma ɗaliban 'yan kaɗan ne.

A 2008 rukunin Salzburg, Kerstin Hoedlmoser da Manuel Schabus da sauransu, suka gwada lissafin mazari kai tsaye a kan mutum 27 masu lafiya, zama 10 kowa. Wasu aka ba su horon gaske, wasu aka riƙa yi musu tukwici a kan igiyoyin da ake sauyawa kowane zama. 'Yan horon gaske suka fi saurin yin barci, mazarinsu ya ƙaru, suka kuma fi tuna kalmomin da aka haɗa musu bibbiyu. Wannan ne sakamakon da aka fi kafa hujja da shi. A 2014 Miriam Reiner da abokan aikinta a jami'ar Technion da ke Haifa suka ba da rahoton cewa zama ɗaya na minti 45 a kan igiyar tita ya ƙara wa mutane saurin buga wani jerin maɓallai da yatsu, irin ƙarin da aka saba gani bayan barcin dare. Wannan riƙon hannu ne, ba haddar darasi ba.

Da a nan tarihin ya tsaya, da mun ce kowa ya fara tara kuɗin madauri. Amma akwai wata kafa a gwaje-gwajen farko: mai horarwa ya san wanda yake ba na gaske da wanda yake ba na bogi. Ko bai yi niyya ba, murmushinsa da yadda yake ƙarfafa gwiwa za su bambanta. Schabus da kansa ya toshe kafar. A binciken da ya wallafa a mujallar Brain a 2017, masu fama da rashin barci sun yi zama 12 na horon gaske da zama 12 na bogi, ba su san wanne ne wanne ba, mai horar da su ma bai sani ba. A lokacin horon gaske sun iya ɗaga igiyar da ake so. Sun kuma ce barcinsu ya gyaru, amma daidai yadda suka ce bayan na bogi. Da aka duba na'ura, barcin bai sauya ba, mazari bai ƙaru ba, zaman karatu ma bai ƙaru ba. Mutumin da sunansa ke kan sakamakon 2008 shi ne ya fito ya ce abin bai wuce na bogi ba. A ganinmu, a duk wannan tarihi babu wanda ya kai shi cancantar a tuna da shi.

Binciken ya tayar da ƙura. Robert Thibault da Amir Raz na jami'ar McGill a Kanada suka ce mafi yawan amfanin horon daga imanin mutum yake fitowa, da ganin wayoyi da kwamfuta, da kulawar da ake ba shi na makonni. Masu kare horon suka ce ba a yi shi yadda ya kamata ba. A 2020 masu bincike sama da 80 daga ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan jerin sharuɗɗan da ya kamata kowane sabon gwaji ya cika, ciki har da rukunin bogi da bayyana abin da za a auna tun kafin a fara. A wannan shekarar kuma wani gwaji a jami'ar Saarland ta Jamus, mai zama 7 a kan igiyar tita, ya samu ƙarin tuna yanayin da aka ga abu a cikinsa, kusan mako biyu bayan horon. Alama ce mai kyau, amma daga ƙaramin rukuni.

INDA AKA TSAYA

Abin da shekara 60 na horon suka tabbatar shi ne mutane da yawa za su iya koyon sauya igiyar ƙwaƙwalwarsu yayin da suke zaune gaban na'ura, ko da yake a kusan kowane gwaji akan samu kaso mai yawa da ba sa iyawa sam. Abin da ba a tabbatar ba shi ne wannan sauyin yana bin mutum gida ya zaunar masa da karatu. Gwaje-gwajen da suka ce eh ƙanana ne, kuma yawancinsu awanni ko kwanaki kaɗan bayan horo suka auna. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Abin da ake kira dogon riƙo, a wata da shekara ya kamata a auna shi.

Kasuwa kuwa ba ta jira ba. A 2009 kamfanin Mattel ya fitar da abin wasan yara mai suna Mindflex, a 2014 madaurin Muse ya fito daga Kanada, yanzu kuma ire-irensu sun yi yawa. Irin waɗannan fayafayansu kaɗan ne, a goshi da bayan kunne, inda ƙiftawar ido da cije haƙori ke fitar da wutar da ta ninka ta ƙwaƙwalwa. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda alƙawarin kare mutane daga mantuwa ba tare da hujja ba. Nasu wasannin waya ne, ba madauri ba, amma kirarin tallan iri ɗaya ne da na akwatunan alfa na 1970.

Saboda haka in an kawo mana talla, ko muka ci karo da labarin wani sabon bincike, mu tambaya: da wa aka gwama waɗanda aka horar? Mai horarwa ya san na gaske da na bogi? Bayan kwana nawa aka auna tunawar? Kuma don Allah, kada labarin kyanwoyin Sterman ya sa wani mai farfaɗiya a gidajenmu ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai.

To mantuwar fa? Hanyoyin da suka tsallake gwaji sau da yawa ba sa buƙatar waya a ka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a St. Louis suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan suka rufe suka yi ta rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda masu maimaici sun tuna kashi 40 cikin 100, masu jarraba kansu kashi 61. Wato daren jarrabawarmu bai yi mana ƙarya ba da safe, bayan mako guda ne yake tona mana asiri. A haɗa wannan da rarraba maimaici na Ebbinghaus da barcin Jenkins da Dallenbach, an samu abin da za a fara da shi yau ba tare da kashe ko sisi ba.

Mu da muka tashi muna jin tilawa da asuba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda da ka a gaban malam, ba ya barin na baya ya kwana biyu bai bi ta kansa ba, kuma ba a kiran mutum gwani sai ya iya zama ya rubuta daga kansa. Jarraba kai ne da rarraba maimaici, ana yi tun kafin a haifi Ebbinghaus.

Wataƙila wata rana a yi babban gwaji mai tsafta, a bi mutane shekara guda, a ga horon igiyar ƙwaƙwalwa ya yi abin da ake fata. In ranar ta zo, za mu dawo wannan fili mu faɗa. Kafin nan, ga ɗan aiki: kowa ya rufe wayarsa yanzu, ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya tuna daga maƙalar nan, ya sake yi jibi. Mako mai zuwa sai mu ji wa ya tuna abin da aka riƙa zuba wa kyanwoyin Sterman.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mun ji gyararrakinku.